Hoton da Ba Hoto Ba

Zuwa ga ɗiyata Injiniya,

Sallama irin ta addini, da gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya zaman nesa da gida? Ina fata ciwon cikin nan da kika ce yana taso miki lokaci-lokaci ya lafa. Ni dai gwiwa tana nan yadda kika san ta. Jini kuwa likita ya ce ya hau, in kin gama karanta takardar nan za ki san abin da ya hau da shi. Babanki lafiya lau, sai mitar da ya saba. 'Yata, yayarki, da mijinta da yara duk suna lafiya.

Kar ki yi mamakin ganin biro da takarda. Wayata tana cikin durowa a kashe, don duk kiran da ya shigo zagi ne, ni kuma ban saba a zage ni in yi shiru ba.

Kin san yadda na gina ɗakin hoton nan. Mata suna zuwa wurina don mace ce ke riƙe da kyamara, su zauna yadda suke so, su yi dariya ba mai kallonsu. Abin da nake sayarwa ba hoto ba ne kawai, amana ce. Kin kuma san shafin da mijin yayarki ya gina mini bara a lokacin hutun makarantarsu, wanda mace za ta ɗora hotonta tana gida, shafin ya ba ta adireshi ta tura wa 'yan uwa su taya ta zaɓen wanda za a wanke babba a sa a firam.

To, ranar nan da safe ina goge gilashin kanta sai ga Mai Labule, maƙwabciyata da bango kawai ya raba shagona da nata, ta shigo ko sallama babu, ta miƙo mini wayarta. Adireshi ne irin wanda shafina ke bayarwa, sunan shagona ne a farkonsa. Amma da aka taɓa shi ba hoto ya fito ba. Sanarwa ce ta fito, da tambarin shagona a sama, wai ni ce nake ba abokan cinikina haƙuri, wai hotunan wasu mata sun fita daga hannuna sun shiga hannun maza, wai da sanina. Kafin azahar babu wayar da abin bai shiga ba a layinmu.

Ɗiyata, na ga ranar da ban taɓa zato ba. Wani magidanci ya shigo ya ciro firam ɗin matarsa daga bango, ƙusar ma ya tafi da ita. Ungozomar asibitin bayan layi, wadda tun 'yarta tana goye nake ɗaukarsu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona kawai, hawaye na zuba, ta juya. Da ma ta zage ni ya fi mini sauƙi. Mai ginin ya aiko cewa shi ba ya son fitina a gininsa. Duk layin nan Mai Labule kaɗai ta tsaya mini, ta rufe shagonta ta zauna da ni har yamma tana ba ni baki.

Mijin yayarki ya zo ya cire abin. Ya ce a cikin hotunan da mutane ke ɗorawa ya same shi, kuma shi kansa bai gane yadda hoto ya zama magana ba. Na rantse wa mutane har muryata ta dushe cewa ba ni na rubuta ba, kowa sai ya ce to ai daga shafinki ya fito.

Tambaya biyu nake miki, tun da wannan ne abincinki. Ta yaya aka sa shafina ya yi mini ƙarya da bakina? Kuma wane ne? Ta biyun ta fi damuna. Ko wane ne, ko a cikin wa ya kwanta aka haife shi, sai ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana. Ban yafe ba, kuma kar ki rubuto mini wa'azin haƙuri, na sha shi har ya gundure ni.

Gwaggonki


Zuwa ga Gwaggona,

Amin wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ki, ina gajiya, yaya gwiwa? Don Allah ki riƙa shan maganin jinin nan kan lokaci, kar maƙiyi ya ci riba biyu. Ni lafiya lau, cikin da sauƙi, kar ki sa shi a ranki. Ki gaishe mini da Baba, ki ce masa mita ba ta hana tsufa.

Takardarki ta same ni a ofis, na karanta ta a tsaye, na kasa zama. Na san ki, na san abin da shagon nan yake a wurinki. Ba zan miki wa'azi ba. Bari in amsa tambayar farko, don ita ce na sani.

Shafinki yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ba a kashewa, ita muke kira saba. Abin da mutum ke buɗe shafi da shi a waya kuma sunansa burauza. In mace ta taɓa adireshi, burauza ce ke zuwa ta ce wa saba ba ni abin da ke nan. Saba sai ta miƙo, kuma ka'ida ita ce ta haɗo da lakabi mai cewa wannan hoto ne, ko wannan waƙa ce, ko wannan shafi ne a shimfiɗa shi a karanta. Kamar ambulan ɗin nan masu ruwan ƙasa da kike zuba wa mutane kayansu, ki rubuta a baya ko hotuna ne ko takardu. Burauza ba ta cika damuwa da sunan fayil ba, lakabin nan take bi.

Amma in saba ta miƙo ambulan ba rubutu a bayansa, burauza ba ta mayarwa. Sai ta leƙa farkon abin ta sunsuna, ta yanke hukunci da kanta. Hoto na gaskiya yana da alamar da yake farawa da ita, shafi ma yana da tasa. In ta ji ƙanshin hoto ta nuna hoto, in ta ji ƙanshin shafi ta shimfiɗa shafi.

Na gwada shafinki daga nan. Duk abin da aka ɗora yana cire masa suna ya sa masa lamba, saba kuma da wutsiyar suna, wato 'yan haruffan ƙarshensa, take gane lakabin da za ta liƙa, saboda haka sai take aikawa ba lakabi. Tun bara haka yake, ba wanda ya lura, don duk masu ɗorawa hoton gaskiya suke ɗorawa, burauza tana sunsunawa tana cin daidai. Sai wani ya rubuta sanarwar ƙarya, ya sa mata suna irin na hoto, ya ɗora kamar kowace abokiyar ciniki. Shafin ya karɓa, ya ba shi adireshi mai sunan shagonki. Shi ke nan, ba a fasa miki komai ba, ta ƙofa aka shigo.

In kina neman inda ɓarakar take, Gwaggo, a hannun wanda ya gina shafin take. Shi ya bar ƙofar nan a buɗe, kuma sai wanda ya san a buɗe take zai shigo da irin wannan.

Gyaran ba wuya, zan rubuto muku yadda ake yi da zarar na samu sarari, aiki ya yi mini yawa makon nan. Tambaya ta biyu ki ba ni lokaci.

Ɗiyarki


Ɗiyata Injiniya,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Mu nan lafiya, jinin ma ya ɗan sauka, don tun da na san maƙiyina barci ya dawo mini.

Allah ya yi miki albarka. Na gane ba ki son kama suna don kunyar yayarki, amma mai hankali ishara ta ishe shi. Idona ba ya jure ƙananan rubutu yanzu, Mai Labule ce ta karanta mini. Da ta zo wurin da kika ce shi ya bar ƙofar a buɗe kuma sai wanda ya sani zai shigo, sai ta ajiye takardar a cinya ta riƙe baki. Ta ce ita da ma tana da magana, tana tsoron shiga tsakanin surukai ne. Ta tuna mini ranar da mijin yayarki ya zauna a kan kujerar ɗaukar hoto yana ce mini in huta haka nan, gwiwa ta gaji, in bar wa yayarki shagon su mayar da rabinsa wurin koyar da kwamfuta. Na ce masa ba a gadon mai rai. Ya yi dariya, ni ma na yi, ashe tasa dariyar ta ciki na ciki ce.

Wa ya gina? Shi. Wa ya san a buɗe take? Shi. Wa zai ci riba in na faɗi? Ki ga mutum salihi-salihi, in yana gaishe ki kamar ya nutse cikin ƙasa, ashe macijin ƙaiƙayi na aurar wa 'yata.

Ban je gidansa ba, don a gida za a rufe ƙofa a ce a rufa asiri. Ni a bainar jama'a aka tozarta ni. Na sa mayafina mai kyau, na ɗauki sanda, na hau mota har makarantar da yake koyar da lissafi. Na tarar lokacin hutun tara ne, malamai sun cika ɗakinsu, kowa da kofin shayi. Yana zaune bakin taga yana duba littattafan yara da jan biro. Da ya gan ni ya miƙe da sauri zai karɓi jakata, na ce ya bar ta.

Na faɗi komai, ban rage ba. Na ce ga malamin da ke koya wa 'ya'yan mutane lissafi, ya lissafa yadda zai kashe uwar matarsa da ranta. Na ce wanda ya iya ƙulla wa mata sharri a kan hotunansu, ku yi tunanin 'yan matan da kuka damƙa masa a aji. Shugaban makaranta ya fito daga ofishinsa yana ta ba ni haƙuri, yara sun cika tagogi. Shi kuwa gogan sai roƙona yake mu je gida mu yi magana. Biron ya faɗi daga hannunsa, bai ko sunkuya ya ɗauka ba. Wallahi sanyi na ji a ƙirjina kamar an zuba mini ruwan randa.

Da yamma yayarki ta zo da ido a kumbure, wai na kashe mata aure, wai mijinta ko kaza ba ya iya yankawa. Na ce ta zaɓa, ko ni ko shi. Ta ɗauki ƙaramin ta saɓa a kafaɗa ta koma gidanta. Ba komai, nonon da ta sha zai yi mata magana wata rana.

Yanzu ga abin da nake so. Makarantarsu ma tana da shafi inda iyaye ke ɗora hotunan yara. Ki haɗa mini irin wancan hoton da ba hoto ba, in faɗa miki abin da za ki rubuta a ciki, ya fito da tambarin makarantar yadda nawa ya fito da tambarina. Da abin da ya auna mini zan auna masa, ba ƙari ba ragi.

Gwaggonki


Injiniya,

Ina gaisuwa. Ban san ko lafiya ba, tun da ba a gaya mini.

Wata ya mutu wani ya kama, ba amsarki. Kullum sai na aika a duba akwatin gidan waya. In yayarki ta riga ni zuwa wurinki ta cika miki kunne, ki faɗa mini in san matsayina. Ni na yi miki wankan farko da aka haife ki, ban zaci sai na yi miki bara ba.

An dakatar da mijin yayarki daga koyarwa har a gama bincike, na ji a bakin mutane. Wannan somin taɓi ne. Shago kuwa ina buɗewa in zauna da ƙudaje. Mai ginin ya ce in wa'adin hayata ya cika zai duba ko zai sabunta, kin san abin da duba ke nufi a bakin mai gini. Mai Labule ta ce in abin ya kai ga haka kar in damu da kaya, za ta ajiye mini su a bayan shagonta.

In ba za ki yi abin da na sa ki ba, akwai yara masu gyaran waya da za su yi. Na fi so dai ya fito daga hannun jinina.

Gwaggonki


Zuwa ga Gwaggona,

Na gaishe ki da girmamawa, ina fata gwiwa da jini sun yi sauƙi. Ki yafe mini shiru. Cikin da na ce miki da sauƙi ba sauƙi ya yi ba, kwana kaɗan bayan na aika miki takarda ya kayar da ni a ofis, aka wuce da ni asibiti aka yi mini tiyata. Ɗinkin ya yi ruwa, na daɗe a kwance. Na hana a gaya wa gida don jininki. Yanzu na warke, ina takawa a hankali. Takardunki biyu tare na same su a kan teburina, kuma kafin in gama karantawa Yaya ta kira ni tana kuka.

Gwaggo, ba abin da na rubuta ke nan ba. Na ce ɓarakar gini daga hannunsa take, ban ce shi ya shigo ba. Malamin lissafi ne, ba maginin shafi ba, ya koya ne don ya taimake ki. Mantuwar lakabin nan har waɗanda ake biya albashi don wannan aikin suna yin ta, ni kaina na gyara irinta a kamfaninmu. Da na ce sai wanda ya san a buɗe take, duk mai gyaran waya da ya ɗan yi karatu zai iya ganowa in ya gwada, yadda na gano daga nan ban taɓa ganin cikin shafin ba. Kuma ki duba, in shi ne, me zai sa ya wahalar da kansa da hoton ƙarya? Makullin shafin duka a hannunsa yake, da ya so da a fuskar shafin zai rubuta. Wanda ya bi ta ƙofar abokan ciniki, ba shi da makulli ne. Alƙalamina ne ya yi gajeren bayani, amma mutumin nan ba shi da hannu.

Abin da kika ce in haɗa ba zan haɗa ba, kuma ina roƙonki kar ki sa wani. Laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, kuma marar laifi za ki sake sara.

Ban ce ki haƙura ba. Ni ma ina so in ga idon wanda ya yi wannan, yanzu ma ya fi da, don gida biyu ya rusa. Na kira mijin Yaya. Na zaci zai kashe wayar, sai ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in faɗa masa abin da zai yi. Mun gyara tare. Yanzu duk abin da aka ɗora saba tana liƙa masa lakabin hoto, tana kuma haɗawa da umarni ga burauza cewa kar ta sunsuna, ta tsaya a kan lakabi. In aka sake ɗora sanarwar ƙarya, burauza za ta yi ƙoƙarin nuna ta a matsayin hoto ta kasa, ba wanda zai ga ko kalma ɗaya. Fayil ɗin kuma zai zauna a wurinmu.

Daga waje ba a ganin an canza komai, kuma haka nake so. Wanda ya yi na farko so yake ki bar shagon. In ya ga kin miƙe zai sake. Saboda haka ki miƙe, ki sa a san kin miƙe. Maganar gyaran kuwa daga ni sai ke sai shi. Wannan takardar ki sa tabarau ki karanta da kanki ko da za ki wuni a kanta, kar ki ba kowa, ko wa kike ganin naki ne.

Ɗiyarki


Zuwa ga ɗiyata,

Sallama da gaisuwa, da sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Amma ki sani na ji haushin ɓoye mini da kika yi, a yanka ki a wata ƙasa ina nan ina zaginki a takarda. Kar ki ɗaga abu mai nauyi, kar ki biye wa ofis. Babanki ya ce a gaishe ki, bai sani ba har yanzu, na bar miki ki faɗa masa da bakinki.

Na karanta da kaina kamar yadda kika ce. Sai na tashi na yi abin da kika sa ni. Na kira mai fenti ya shafe gaban shago, na canza labulen bayan kujera, a wurin Mai Labule ma na saya. Tana aunawa na ce mata mai ginin ya sauko, gobe zai zo mu sabunta haya, har yana cewa in ina so in ƙara da wani shago. Ƙarya nake, ko ganinsa ban yi ba. Ta yi ta taya ni murna har da rungumata. Na kunna wayata ranar, na ajiye ta a kan kanta.

Washegari da hantsi saƙon murya ya shigo zauren matan layinmu na waya, inda muke sanar da juna biki da rasuwa da zuwan masu haraji. Muryar Mai Labule ce, tana kuka. Wai ita ta gaji da rufa mini asiri, wai ga sabuwar sanarwa daga shafina, ta buɗe ta gani da idonta, bari ta karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Ta karanta tiryan-tiryan, wai na amsa cewa har da hotunan yara mata, wai ina rufe shagon don kunya. Ta liƙa adireshin a ƙasa.

Sai amsoshi suka fara shigowa. Mai kitso ta ce ita ba ta ga komai ba. Mai sayar da turare ta ce nata wani ɗan akwati ne kawai ya fito kamar hoton da ya lalace. Wata ta ce ko wayarta ce, ta gwada a ta mijinta, haka nan. Ina zaune ina jin ta ta bango tana jan kujera, tana buɗe durowa tana rufewa. Ta goge saƙon, amma na riga na adana shi.

Na aika wa yayarki, ba a jima ba sai ga mijinta da kwamfutarsa a jaka. Ya buɗe fayil ɗin a matsayin rubutu, ya buga mini shi a injin wanke hotona, a kan takarda mai ƙyalli, don ita kaɗai ke ciki. Ban yi gaggawa ba. Na bari sai da la'asar, lokacin da layi ke cika. Na sa aka fito da lasifikar shago bakin ƙofa, na aika aka kira mini ungozoma, na ba ta takardar. Na kira Mai Labule da muryar da na saba kiranta shan shayi, ta fito da almakashi a hannu.

Na kunna muryarta. Ita tana karantawa a lasifika, ungozoma tana bi da yatsa a takarda tana ɗaga kai. Kalma ba ta saɓa wa kalma ba, har wani wuri da aka maimaita kalma bisa kuskure ita ma ta maimaita. Da ya ƙare na tambayi matan ko akwai wadda sanarwar nan ta buɗe a wayarta. Babu. Sai na juya ga Mai Labule.

"Ƙawata, abin da bai buɗe wa kowa a duniya ba, ke a ina kika karanta shi?"

Ta ce turo mata aka yi. Na ce wa ya turo, nuna mana. Ta ce ta goge. Ungozoma ta ce to ai ke kika ce kin buɗe adireshin da idonki. Daga nan ta zauna a kan dakali, ta fayyace komai. Mai gyaran wayar ƙarƙashin bene ne ya haɗa mata duka biyun, ya ba ta rubutun daban, sauri ya hana ta gwadawa. Shagon kan kwanar layi take so, nawa, mai ƙofa biyu, ta fasa bango ta haɗa da nata. A kan bango, ɗiyata. Matar da na yi jinyar uwarta.

Ta kama ƙafata tana cewa sharrin shaiɗan ne, in dubi zaman tare. Na ce zaman taren nake dubawa. Na sa ta yi sabon saƙo a zauren, da bakinta, ta faɗi na farko da na biyu, ba kuka a ciki, duk inda ta yi kuka na sa ta sake. Washegari na sa ta gaba har makaranta, ɗakin malaman nan, lokacin tara, ta maimaita a gaban shugaban. An mayar da mijin yayarki aiki. Mai gyaran waya yana hannun hukuma. Mai ginin ya ba ta wa'adi, jiya na zauna a bakin ƙofata da kofin shayi ina kallon ana loda sandunan labule a mota. Ta aiko mutane har kashi-kashi neman afuwa, na ce su gaishe ta. Magidancin nan ya dawo da firam ɗin matarsa, na sa shi ya buga ƙusar da hannunsa.

Yayarki ta fara zuwa, tana kawo yara, ba ma tada maganar. Mijinta ma ya zo shekaranjiya duba shafin. Na sa an share, na ajiye masa kujera mai kyau da lemo mai sanyi. Na shirya abin da zan faɗa tun safe, ke kin san bakina bai saba da irin wannan ba. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, ya yi aikinsa a tsaye, lemon bai taɓa ba. Tun ranar da ya auri 'yata Mama yake ce mini, ko a waya ko a gaban mutane. Da ya rufe kwamfutarsa na buɗe baki zan fara, sai ya rataya jaka ya ce, "An gama, Hajiya. In akwai wata matsala a aiko."

Na ce to, Allah ya yi albarka. Ya ce amin, ya fita.

Ki kula da ɗinkin.

Gwaggonki